Maigida Ya Sayo Min Injin Motsa Jiki, Ga Shi Can a Ƙarƙashin Gado

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, shekarata 43, haihuwata biyar, autana yana da shekara huɗu. Kwanakin baya aka auna min sukari da safe kafin in karya, aka samu 112. Likita ya ce ciwon bai kama ni ba tukuna amma ina dab da shi, in rage ƙiba, in riƙa motsa jiki. Maigida ba ya son in riƙa fita gidan motsa jiki, sai ya sayo min inji na hannu a Sabon Gari, irin wanda ake ninkewa a tura ƙarƙashin gado. Yana da allo mai katifa da ke zamewa a kan ƙarafa biyu, da igiyoyi masu mariƙi, da wasu robobi da ake maƙalawa. Babu takardar bayani ko ɗaya. Ranar farko na ɗaga shi can sama na yi kusan awa guda, na kwana uku ruku'u ma da ƙyar nake yi. Na daure sati biyu, tumbi bai ragu ba, sikeli bai motsa ba. Ga surukata Hajiya tana cewa ɗaga ƙarfe na maza ne, zan yi ƙwanji, mahaifata ta sauko. Yanzu na ajiye shi, maigida kuma kullum mita yake yi wai na sa ya yi asarar kuɗi. In ci gaba ne, ko in ce ya sayar?

Uwar yara biyar, Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata.

Kada ki bari a sayar da injin nan. Ya dace da halin da kike ciki fiye da yadda ke da maigidan kuka zata, sai dai an miƙa miki shi babu wanda ya gaya miki aikinsa, ke kuma kika auna shi da ma'aunin da ba nasa ba. Kin duba tumbi, kin hau sikeli, kin ga shiru, kin yanke hukunci cikin sati biyu. Babu wani motsi, a inji ko a tabarma, da ke zaɓar kitsen ciki shi kaɗai ya narkar. Jiki daga ko'ina yake rage kitse, kuma sai abin da ake ci ya yi ƙasa da abin da ake ƙonewa. Aikin wannan inji shi ne ya ƙarfafa miki tsoka, kuma ga macen da sukarinta ya kai 112, ƙarfin tsoka yana da matuƙar muhimmanci.

Idan kin ci tuwo ko shinkafa, sukarin da ya shiga jini mafi yawansa tsokar jiki ce ke kwashewa, ta ƙona wani ta ajiye wani. Tsokar da ta daɗe ba ta aiki takan rage jin insulin, wato sinadarin da ke shigar da sukarin cikinta, sai ya yi ta yawo a jini. Wadda aka sa ta aiki kuwa tana jan sukari tun ana cikin motsin, kuma tana ci gaba da jin insulin da kyau har kwana ɗaya zuwa biyu bayan an gama. Ga shi kuma daga shekara 30 tsoka takan fara raguwa da kanta, masana suna ƙiyasta kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma ga mace abin yakan ƙara sauri idan al'ada ta ɗauke. Ke yanzu kina shekarun da ya kamata ki tara, kafin lokacin ya zo.

Awon da aka yi miki yana tsakanin 100 da 125, inda likitoci ke cewa ana dab da ciwon. Daga 126 zuwa sama, idan an maimaita an tabbatar, shi ne ciwon sukari. Wannan tsakanin wuri ne da ake iya juyowa. A Amurka an yi wani babban bincike da aka fitar da sakamakonsa a 2002, a kan mutum fiye da 3,000 masu irin awonki. Waɗanda aka ɗora a kan gyaran cin abinci, da motsa jiki na minti 150 a mako, da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar maganin sukari ta metformin nasu ya ragu da kashi 31. Ki lura, mafi yawan motsin da suka yi tafiya ce da ɗan sauri. Don haka injin shi kaɗai bai wadatar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 abu biyu ta haɗa wa baligi: minti 150 zuwa 300 a mako na motsin da ke sa numfashi ya ɗan hau, sannan aikin ƙarfafa manyan tsokoki kwana biyu ko fiye a mako. Injinki na ɓangare na biyun ne. Na farkon kuwa, zagayen tsakar gida da sauri na minti goma zuwa goma sha biyar bayan abincin rana da na dare ya isa ki fara da shi, ba sai kin leƙa ƙofar gida ba.

Ciwon da kika sha kwana ukun nan ba alamar cewa injin ya yi miki illa ba ce. Tsamin jiki ne da ke biyo bayan aikin da tsoka ba ta saba ba, yakan fi tsanani tsakanin awa 24 da 72, sannan ya lafa. Abin da ya sa naki ya yi yawa shi ne inda kika sa injin. A irin wannan inji nauyin jikinki ne ƙarfen da kike ɗagawa. Idan ƙarafan suna kusa da ƙasa, ɗan kaɗan ne daga nauyinki kike ja. Duk matakin da kika ƙara, nauyin yana ƙaruwa, har a can sama yakan kai wajen rabin nauyinki. Kin fara daga inda ya kamata ki isa bayan watanni, kuma kika yi awa guda. Sannu ba ta hana zuwa.

Ki dai san bambancin ciwo da ciwo. Tsamin tsoka yana bazuwa a cinya ko dantse, yana sauƙi idan kin motsa. Wanda yake suka a wuri ɗaya cikin gwiwa ko kafaɗa ko gadon baya, ko ya zo da kumburi, ko ya sauko ƙafa da mutuwar jiki, wannan ki tsaya ki je a duba. Ciwon ƙirji, jiri, ko numfashin da ya ƙi dawowa daidai bayan hutu, asibiti ne a ranar.

Kafin ki sake hawa, ku fito da injin tsakar ɗaki da rana, ke da maigida, ku duba shi sosai tunda na hannu ne. Ki bi igiyar da yatsunki tun daga mariƙi har inda ta maƙale da allon. Idan kin ji wurin da fatarta ta tsage ko zare ya fara fita, a canja ta kafin komai. Ki duba 'yan tayoyin da ke ƙarƙashin allon, ki goge ƙarafan da tsumma mai ɗan laima, domin ƙurar hunturu idan ta taru takan sa allon ya riƙa cijewa yana fizga. Akwai sakata ko ƙusa da ke riƙe matakin tsayi. Kullum sai kin tabbatar ta shige har ƙarshe, kin kuma danna ƙarafan da hannu kin ji ba su motsa ba, sannan ki ɗora jikinki. A jikin ƙarfen galibi akwai tambarin da ya faɗi iyakar nauyin da injin ke ɗauka. Idan da fam aka rubuta, ki raba da 2.2 ki samu kilo: fam 250 kusan kilo 113 ke nan, fam 300 kusan kilo 136.

Robobin su ne abin da na fi jin tsoro. Zafi da rana suna cin roba, kuma a Kano watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40. Ki ja kowace a hankali kusa da taga, nesa da fuskarki, ki duba ko akwai ƙananan tsaga, ko wurin da ya yi fari, ko ya yi danƙo. Wadda ta nuna haka ki jefar, kada ki ɗaure ta. Robar da ta tsinke ana cikin ja tana iya fasa ido. A watan farko ma ba ki da buƙatarsu, ki cire ki ajiye a inuwa. Sannan kada ki hau da hijabi ko mayafi ko zani mai ja, tayoyin nan suna kama tufa da gashi. Wando da riga daidai jiki, gashi a ɗaure, ƙofa a rufe. Autanki kada ya kusanci wurin, saboda yatsun yara da allo mai zamewa ba sa haɗuwa, kuma idan kin ninke ki kwantar da shi, kada ki jingine a bango inda zai iya jawo shi kansa.

Jikinki ma yana buƙatar dubawa. Ki sa a auna miki hawan jini. Idan ya kai 180 bisa 110, babu hawa sai likita ya saukar da shi ya ba ki izini. Sannan haihuwa biyar takan bar tsokar ciki a rabe a tsakiya. Ki kwanta rigingine, ki tanƙwashe gwiwoyi, ki sa yatsu a kwance saman cibiya kaɗan, ki ɗago kai kamar za ki kalli cikinki. Idan yatsu fiye da biyu sun nutse a tsakanin tsokokin, ko tsakiyar cikin ya tasa ya yi tsini, to ki guji irin motsin nan na tashi zaune daga kwance da mutane ke yi don rage tumbi, ki nemi masu gashin ƙashi su koya miki wanda ya dace. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai su a Asibitin Ƙashi na Dala. Ki ɗauki hoton injin a waya ki nuna musu, domin irinsa ba baƙo ba ne a sana'arsu.

Idan komai lafiya, kwana biyu a mako ki ware, misali Litinin da Alhamis, don tsoka ta samu aƙalla awa 48 ta huta, a hutun ne take ginuwa. Minti biyar ki zaga ɗaki kina wurga hannuwa har jiki ya ɗumama. Ki sa injin a mataki na biyu ko na uku daga ƙasa. Wajen hawa, ki bari allon ya sauka ƙasa gaba ɗaya, ƙafafunki a ƙasa, sannan ki zauna.

Ki fara da ƙafa, domin a cinya da ɗuwawu mafi girman tsoka take. Ki kwanta rigingine a allon, tafin ƙafa biyu a kan farantin da ke ƙasan injin, tazararsu daidai faɗin kafaɗa. Ki tanƙwashe gwiwa a hankali allon ya sauko, kina ƙirga ɗaya, biyu, uku, har cinya da ƙwauri su yi kusurwa irin ta mai zaune a kujera. Sai ki tura da dunduniya ki koma sama, ba tare da kin ƙulle gwiwar da ƙarfi ba. Gwiwoyin su bi saitin yatsun ƙafa, kada su faɗo ciki su haɗu. Na biyu, ki zauna kina fuskantar tsayin injin, wato ɓangaren da ya ɗaga sama, ki riƙe mariƙan, ki ja su zuwa haƙarƙari, gwiwar hannu tana wucewa baya, kafaɗu a sauke ba a ɗage zuwa kunne ba. Wannan shi ke gyara bayan da goyo da sunkuyon wanki suka lanƙwasa. Na uku, ki juya baya ga tsayin, ki tura mariƙan gaba daga saitin ƙirji. Na huɗu, ki kwanta kanki yana wajen tsayin, ki jawo mariƙan daga sama zuwa gefen jikinki. Sai ki sauko tabarma, ki kwanta gwiwoyi a tanƙwashe, ki ɗaga ƙugu sama ki matse ɗuwawu, ki sauke a hankali. Waɗannan biyar sun taɓa kusan duk manyan tsokoki. Sauran dabaru da za ki gani a bidiyon YouTube su jira.

Kowanne ki yi sau 8 zuwa 12. Sati biyun farko zagaye ɗaya kawai, ki sauka kina jin da sauran ƙarfinki. Daga sati na uku ki yi zagaye biyu, da hutun minti ɗaya ko biyu a tsakani. Dukansa ba zai wuce minti 25 ba. Nauyin da ya dace shi ne wanda biyun ƙarshe za su yi miki wuya amma ba za ki karkace ko ki fizga ba. Ranar da kika ga kin yi 12 da sauƙi har kina iya ƙara biyu, kuma haka ta maimaitu a zama na gaba, ki ɗaga mataki ɗaya, ɗaya tak. Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta kwanan wata da mataki da adadi. Wannan littafin ne ma'auninki, ba sikeli ba. A makonnin farko ƙarfi yakan ƙaru tun kafin ido ya ga canji, sauyin da za a gani a jiki kuwa yakan ɗauki wata biyu zuwa uku.

Numfashi kada ki yi wasa da shi. Ki fitar da iska lokacin da kike turawa ko ja, ki shaƙa lokacin komawa. Riƙe numfashi ana yunƙuri yana ɗaga hawan jini nan take, yana kuma danna mara. Idan kin ga kina riƙewa ba ki sani ba, ki riƙa ƙirgawa da baki.

Wannan ya kawo mu ga maganar Hajiya, kuma ina so ki saurare ta da girmamawa, domin rabin maganarta tana da tushe. Batun ƙwanji ki kwantar mata da hankali. Sinadarin da ke sa maza ƙwanji, testosteron, na namiji ya ninka na mace sau goma ko fiye, kuma minti 25 sau biyu a mako ba zai mayar da dantsenki na ɗan dambe ba. Amma saukowar mahaifa gaskiya ce tana faruwa, kuma haihuwa da yawa, da ƙiba, da yawan yunƙuri a bayan gida, da tari mai daɗewa, da ɗaukar kaya masu nauyi ana riƙe numfashi, duk suna cikin abin da ke jawo ta. Idan kina jin nauyi a ƙasan mara, ko kamar wani abu yana saukowa, ko fitsari yana ɗisowa idan kin yi tari ko atishawa, ki ga likitar mata kafin ki fara, babu kunya a wannan. Ko ba kya jin komai, ki koyi matse tsokar ƙasan mara, kamar mai riƙe fitsari da tusa a lokaci guda, ki riƙe daƙiƙa biyar ki saki, sau takwas zuwa goma, sau uku a rana. Wani alherin injinki shi ne aikin ƙafar a kwance ake yinsa, nauyin bai kai na tsugunno da kaya a ka ba.

Idan za ki yi mata bayani, kada ki shiga da "likita ya ce" kamar mai ƙure ta. Ki tambaye ta yadda suke yi a zamaninsu. Za ta ba ki labarin surfe da daka da asuba, da niƙa a dutse, da jan guga a rijiya. Wannan shi ne ainihin aikin da injin ke maye gurbinsa, turawa da ja da tsugunno, yau injin niƙa da famfo sun ɗauke mana shi, suka bar mu da zama. Ita ta samu nata ƙarfin a turmi, ke kuma dole ki neme shi da gangan. Idan ta kawo maganar addini, sananne ne cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. A ɗakinki kike, ƙofa a rufe, da izinin mijinki.

Shi kuma maigida, mitar tasa ta dame ni, domin mita ba ta taɓa sa kowa ya hau inji ba, sai dai ta sa mutum ya tsani ganinsa. Amma mutumin da ya ji maganar likita ya tashi ya shiga kasuwa ya nemo abin nan ya damu da lafiyarki, ki fara da gode masa a kan haka. Sannan ki nemi abu uku a wurinsa: ya taya ki duba injin ya sayo igiya idan ta lalace, ya riƙe yara ko ya sa babba a cikinsu ya riƙe ƙannensa na rabin awa a ranakun nan biyu, kuma ya daina tambayar tumbi har wata uku. Idan shi ma ya haura arba'in, to tsokarsa tana raguwa kamar taki, ya hau bayan kin sauka. Inji ɗaya ya ishe ku, mataki kawai za a canja.

In da hali, kada injin ya koma ƙarƙashin gado. Ninkewar da ta sa ya dace da ƙaramin ɗaki ita ce kuma ke sa a manta da shi, domin sai an sunkuya an jawo an buɗe, ga gajiya, sai a ce gobe. Ki sama masa wuri a gefen ɗaki inda ido zai riƙa faɗa masa, ki rufe da zani saboda ƙura. Ki ɗaura lokacinsa da abin da ba ya tashi, kamar bayan yara sun tafi makaranta, ko bayan la'asar idan sun tafi Islamiyya. Lokacin zafi ki fi son safiya, da ruwan sha a kusa. Ranar da biki ko rashin lafiyar yaro ya sa kika tsallake, ki ci gaba a rana ta gaba, kada ki ce sai kin rama biyu a haɗe. Idan hutun ya kai sati biyu, ki sauko mataki ɗaya ki sake hawowa.

Abinci kuwa, tsoka tana buƙatar abin gini, kuma ba sai kin sayi garin gwangwanin da 'yan gidan motsa jiki ke sha ba. Wake, alale, awara, ƙwai, kifi, nono marar sukari, gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun wadatar, ki sa ɗaya daga cikinsu a kowane cin abinci. Ki rage malmalar tuwo ki ƙara miyar ganye da kwaɗon zogale. Abin da zai fi saurin nuna miki bambanci shi ne lemon kwalba, da sukarin da ake zubawa a shayi da kunu da zoɓo da fura. Da azumi ki mayar da aikin bayan buɗa baki da awa ɗaya ko biyu, ko bayan tarawihi, ki rage zuwa zagaye ɗaya. Idan nan gaba likita ya ɗora ki a kan magani, musamman allurar insulin ko ƙwaya irin glibenclamide, ki gaya masa kina wannan aiki, domin su suna iya sa sukari ya faɗi ƙasa da 70 ana cikin motsa jiki, da rawar jiki da gumi mai sanyi, kuma a lokacin dabino ko ruwan sukari ake buƙata a kusa.

Bayan wata uku ki koma a sake auna sukarin, ki tambayi likita ko za a yi miki gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata biyu zuwa uku da suka wuce, ba na safiya ɗaya kawai ba. Ki tafi da littafin nan naki ya ga matakin da kika fara da wanda kika kai. Allah ya ƙara lafiya, ya bar ku tare, ki gaida Hajiya.